Yadda ake kiyasta igiyar teku daga iska kafin a tura jirgi

Iska ce ke tayar da kusan duk igiyar da ake gani a saman teku, amma ƙarfin iska shi kaɗai ba ya gaya wa mutum abin da zai tarar. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana iya ba da igiyar da ba ta kai taƙi ɗaya ba, tana kuma iya ba da wadda ta fi tsayin mutum. Bambancin yana cikin faɗin ruwan da ta ratsa da tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa. Ana iya lissafa wannan da agogo da kalkuletar waya, kuma duk mai tuƙa ƙaramin jirgi a gaɓar Legas ko Kwatano ko Lome ko Tema ya kamata ya iya.

Abubuwa uku ake aunawa a jikin igiya. Tsayi shi ne daga ƙasan kwari zuwa saman tudu. Tazara ita ce nisan da ke tsakanin tudu ɗaya da mai bi masa. Na uku shi ne sakan nawa ke tsakanin wucewar tudu biyu ta wuri guda, shi ya sa ake cewa igiya mai sakan 6 ko mai sakan 12. Na ukun ne mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali sau da yawa shi ke yanke hukunci.

Abin da ke faruwa a fatar ruwa

Idan iska ta fara shafar ruwa mai kwance, abin da ke fara fitowa shi ne ƙananan yamutsi waɗanda tazararsu ba ta kai santimita 2 ba. Iska ba ta tafiya sumul, tana da 'yan murɗe-murɗe da ke danna ruwa a nan su saki a can, su ne ke haifar da yamutsin. Da zarar ruwa ya yi kaushi, iska ta samu abin kamawa: tana danna bayan tudun igiya fiye da yadda take danna gabansa, don haka kowane tudu yana samun turi. Igiya ta ƙara tsayi, iska ta ƙara samun abin kamawa, haka abin ke ciyar da kansa. Masana biyu, Owen Phillips da John Miles, kowa da nasa aikin, sun bayyana waɗannan matakai biyu a 1957, kuma har yau a kan bayaninsu ake gini.

Girman yana da iyaka ta fuska biyu. Igiya ba ta iya riƙe tsayin da ya wuce kashi ɗaya cikin bakwai na tazararta. In ta kai nan sai kanta ya karye ya zama farin kumfa, ƙarfin ya zube. Sa'an nan igiya tana ƙara gudu yayin da tazararta ke ƙaruwa, kuma in gudunta ya kusa kai na iskar, iskar ba ta da sauran abin da za ta tura. A nan ake cewa teku ya ƙoshi da wannan iskar.

Igiyar ma tana taɓa iskar. Sabuwar igiya gajeriya mai tsini tana riƙe iska ta rage mata gudu a kusa da ruwa fiye da tsohuwar igiya doguwa. Ruwan kansa kuwa ba ya bin igiya zuwa gaɓa: kwalbar da ke yawo tana hawa ta sauka tana zagaye kusan wuri ɗaya, ƙarfi ne kawai ke wucewa ta ƙarƙashinta. Amma saman ruwa yana ɗan gusawa da kimanin kashi 3 cikin 100 na gudun iska. Mai neman abin da ya faɗa ruwa ya riƙe wannan: a iska mai mita 10 a sakan, fatar ruwa tana gusawa kusan kilomita ɗaya kowace awa.

Na farko: sami gudun iska na gaskiya

Duk lissafin da ke tafe da mita a sakan ake yin sa. In manhajar wayarka tana nuna kilomita a awa, raba da 3.6. In tana nuna ma'aunin matuƙan jirgi, wanda ake rubutawa kt, raba da 2, ya isa.

Hasashen yanayi yana ba da gudun iska a tsayin mita 10 daga saman ruwa. Wanda ya riƙe ƙaramar na'urar auna iska yana tsaye cikin kwale-kwale, a tsayin mita 2, zai ga adadin da ya gaza haka, sai ya ninka da 1.2. Kada a auna a bayan gini ko cikin itatuwan kwakwa, adadin ƙarya zai fito. A ɗauki matsakaicin minti 10. Bugun iska na ɗan lokaci yana iya zarce matsakaicin da kashi 40 cikin 100, kuma ko da yake ba shi ke gina igiya ba, shi ke kifar da jirgi mai filafilan zane.

In babu na'ura, ruwan da kansa ma'auni ne. Wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara mizanin ƙarfin iska a 1805, daga 0 zuwa 12, kuma ana gane matakansa da ido. Mataki na 3, mita 4 zuwa 5 a sakan, farin kumfa na fitowa jefi-jefi. Mataki na 4, mita 6 zuwa 8, kumfar ta yawaita, igiya a buɗaɗɗen teku kusan mita 1. Mataki na 5, mita 8 zuwa 11, ko'ina fari-fari, feshi ya fara tashi, igiya mita 2. Mataki na 6, mita 11 zuwa 14, igiya mita 3, iska tana fito a jikin igiyoyin ɗaure zanen jirgi. A mataki na 7 kumfa tana jeruwa dogayen layuka tana bin iska. Jirgin da ba shi da rufi ba shi da abin yi a waje daga mataki na 6, yawancinsu ma tun daga na 5.

Na biyu: auna fagen iska

Fagen iska shi ne nisan buɗaɗɗen ruwa da iska ta ratsa kafin ta iso gare ka. Ka juya ka fuskanci inda iska ke fitowa, ka duba taswira, ka auna daga inda kake zuwa ƙasa ta farko da layin zai taɓa. Wannan nisan da kilomita shi ne fagen.

Daga 1968 zuwa 1969 wata tawagar masana ta jera na'urori a Tekun Arewa, daga gaɓar tsibirin Sylt na Jamus zuwa cikin teku, suna auna yadda igiya ke girma idan iska ta taso daga tudu. Daga sakamakonsu aka samu wannan ƙa'ida mai sauƙi:

Tsayin igiya da mita = 0.016 × gudun iska × √fage

Alamar √ tana kan kalkuletar kowace waya. Ga abin da ke fitowa da iska mai mita 10 a sakan. Fage na kilomita 1 yana ba da santimita 16. Kilomita 10 yana ba da rabin mita, igiya mai sakan 3. Kilomita 100 yana ba da mita 1.6, mai sakan 6. Lura da cewa sai fage ya ninka sau huɗu kafin tsayi ya ninka sau biyu.

Sai a duba rufin, wato tsayin da ba za a wuce ba komai faɗin fage. Willard Pierson da Lionel Moskowitz sun fitar da shi a 1964 daga bayanan jiragen yanayi a arewacin Atlantika:

Iyakar tsayi = 0.022 × gudun iska × gudun iska

Iska mai mita 5 ba ta wuce santimita 55. Mai mita 10 tana tsayawa a mita 2.2. Mai mita 20 tana kai kusan mita 9. A nan ninka iska sau biyu yana ninka igiya sau huɗu, ƙarfin da ke cikin igiyar kuma yana tafiya da tsayi sau tsayi, ya zama sau goma sha shida. Wannan ne dalilin da ya sa ƙarin iska da mutum ke gani kaɗan yake sauya teku baki ɗaya. A lissafa duka biyu, a ɗauki ƙaramin.

Na uku: tun yaushe take kaɗawa

Lissafin fage yana aiki ne in iskar ta daɗe. Mai mita 10 tana buƙatar kusan awa 2 kafin ta cika fagen kilomita 10, kusan awa 9 a kilomita 100, kusan awa 15 da fagen kilomita 200 kafin ta kai rufi. In ta taso awa 2 da suka wuce, to ko tsakiyar Atlantika kake, igiyarta ba ta wuce rabin mita sosai ba tukuna. Amfanin sanin haka shi ne mutum ya gane cewa abin da yake gani yanzu somin-taɓi ne, ya lissafa yadda hanyar komawa za ta kasance nan da awa shida.

Iskar da ta sauya alƙibla da yawa sabon lissafi take farawa, tsohuwar igiyar kuma ba ta mutuwa nan take. Igiyoyi biyu suna gicciye da juna, jirgi ya rasa wadda zai ba goshi. Wannan ya fi gajiyar da matuƙi a kan igiya babba mai zuwa daga gefe ɗaya.

Adadin da ya fito ba shi ne igiya mafi girma ba

Nan ne aka fi yin kuskure. Tsayin da lissafi ke bayarwa, da wanda hasashen yanayi ke bayarwa, matsakaici ne na kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi na igiyoyin da ke wucewa. Harald Sverdrup da Walter Munk ne suka kafa wannan ma'auni lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin hasashen saukar da sojoji a gaɓa, kuma ya yi daidai da abin da idon gogaggen matuƙi ke kiyastawa. Igiya ɗaya cikin 100 tana kai ninki ɗaya da rabi na wannan adadi. Ɗaya cikin 1,000 tana kusan ninka shi biyu. Igiya 1,000 masu sakan 8 suna wucewa cikin awa biyu da 'yan mintoci, don haka duk wanda ya yini a ruwa zai haɗu da ita. In hasashe ya ce mita 1.5, tambayar da za a yi ita ce ko jirgin zai jure mita 3. Wani lokaci ma ana wuce haka: ranar 1 ga Janairun 1995 na'urar da ke dandalin bututun gas na Draupner a Tekun Arewa ta auna igiya mai mita 25.6 a ranar da ma'aunin tekun yake kusan mita 12.

Baƙuwar igiya

Duk abin da ya gabata game da igiyar da iskar wurin ta haifa ne. Akwai kuma wadda aka haifa a nesa ta baro iskarta ta taho. Gajerun igiyoyi suna mutuwa a hanya, dogayen suna tafiyar dubban kilomita ba tare da sun yi asara mai yawa ba. A shekarun 1960 Munk da abokan aikinsa sun bi sawun irin wannan igiya daga kudancin Tekun Pasifik har Alaska.

A Mashigin Tekun Gini wannan baƙuwar ita ce mai gida. Iskar wurin ba ta cika tsanani ba, amma guguwoyin da ke can kudancin Atlantika suna aiko da igiya mai sakan 10 zuwa 15 daga kudu maso yamma, kuma ta fi ƙarfi daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da ake sanyi a kudancin duniya. Shi ya sa ake iya wayi gari ba iska ko kaɗan a Legas, amma gaɓa tana ruri.

Ga lissafinta a ruwa mai zurfi. Tazara da mita = 1.56 × sakan × sakan. Igiya mai sakan 3 tana da tazarar mita 14, mai sakan 6 mita 56, mai sakan 12 mita 225. Gudun tudu ɗaya da mita a sakan = 1.56 × sakan, amma ayarin igiyoyin baki ɗaya yana tafiya da rabin wannan. Ayarin mai sakan 12 yana cin kusan kilomita 34 a awa, wato guguwar da ke nisan kilomita 5,000 sai bayan kwana shida saƙonta ke isowa. Mafi tsawon tazara su ke fara isowa. In aka ga igiya ƙarama mai sakan 16 ko 17 ta bayyana a ranar da jiya sakan 9 ake ƙirgawa, babba na tafe cikin yini ɗaya ko biyu.

Ƙirga sakan ba wuya. Ka zaɓi abu tsayayye, dutse ko turken gada ko tulun alama da ke kan ruwa. Ka kunna agogo lokacin da tudu ya wuce, ka kira shi sifili, ka ƙirga har goma, ka raba lokacin da 10. Kuskuren da ake yi shi ne kiran na farko ɗaya, da kuma ƙirga ƙananan igiyoyin da ke hawe bisa manyan. A maimaita sau uku. Don tsayi kuma, in kana cikin jirgi, ka jira ya faɗa kwari: in tudun da ke tafe ya rufe maka layin da sama ta haɗu da teku, ya fi tsayin idonka daga ruwa.

In akwai baƙuwa da ta gida lokaci guda, ba a haɗa su kai tsaye. A ninka kowace da kanta, a haɗa, a danna √. Mita 1.5 da mita 1 suna ba da mita 1.8.

Inda ruwa ya gaza zurfi

Igiya tana fara jin ƙasa idan zurfi ya gaza rabin tazararta. Mai sakan 12 tana jin ƙasa tun a zurfin mita 110, mai sakan 4 sai a mita 12. Da ta ji ƙasa sai ta rage gudu, tazara ta matse, tsayi ya ƙaru, har ta karye a inda tsayinta ya kai kusan kashi 8 cikin 10 na zurfin ruwa. Igiya mai mita 1.5 da sakan 6 tana karyewa da tsayin kusan mita 1.7. Mai mita 1.5 ɗin nan da sakan 12 tana miƙewa ta kai kusan mita 2.3, ta karye a zurfin mita 3, da ƙarfi ninki biyu. A can waje ita ce mai daɗin hawa, jirgi ya tashi ya sauka a hankali, a bakin gaɓa kuma ita ce ke fasa shi. Hasashen da ya ba da tsayi bai ba da sakan ba, rabin labari ya bayar.

Dogayen igiyoyi suna zuwa rukuni-rukuni, manya kaɗan a jere sai sarari. Babu ƙayyadadden adadi, maganar cewa ta bakwai ce babba ba abin dogaro ba ce. Kafin a ƙetare inda igiya ke karyewa, a tsaya a kalli ruwa aƙalla minti 15 zuwa 20, a auna tsawon sararin da agogo, a kwatanta da lokacin da jirgin ke buƙata ya wuce. In sararin bai isa ba, a fasa.

Bakin kogi ya fi ko'ina haɗari, kamar mashigar Volta a Ada ko bakunan koguna a yankin Neja Delta, saboda akwai tudun yashi a ƙarƙashi ga kuma ruwa mai fita. Igiyar da ta ci karo da ruwa mai gudu tana matsewa ta miƙe tsaye. In gudun ruwan ya kai rubu'in gudun igiyar, ba ta iya wucewa, sai ta tsaya nan tana karyewa: igiya mai sakan 4 ruwa mai mita 1.5 a sakan ya ishe ta. Teku a wannan gaɓa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma jan ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin 14 da 15. A ƙetare bakin kogi lokacin da ruwa ke shigowa ya kusa cika, kada a ƙetare a tsakiyar janyewa. Wannan karo na igiya da ruwa mai gudu ne ya sa gaɓar gabashin Afirka ta Kudu, inda ruwan teku mai gudu da ake kira Agulhas ke gangarawa kudu yana tarar igiyoyin kudu, ta yi ƙaurin suna ko a wurin manyan jiragen dakon kaya.

Ruwan da igiya ta tara a gaɓa yana komawa ta wasu 'yan hanyoyi masu ja da ƙarfi. Ana gane su da wurin da igiya ba ta karyewa, ruwan ya yi duhu ko ya yi launin yashi, kumfa na fita waje. Mai iyo da ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi, ya bi gefen gaɓa har ya fita daga jan, sa'an nan ya juyo.

Abubuwan da ke rushe lissafi

Iskar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ta kai gaɓa daga tudu take fitowa. Fagenta a bakin ruwa sifili ne, teku ya kwanta luf, mutum ya ruɗu. Kilomita 20 a waje igiyar ta girma, kuma komawa gida gaba da gaba ne da iska. Injin da ya mutu a irin wannan rana waje za a yi ta gusawa, ga hazo ya ɓoye gaɓa. A ƙara mai, a tafi da anga da igiya mai tsawo.

Iskar la'asar kuma daga teku take zuwa, saboda ƙasa ta fi ruwa ɗaukar zafi. Tana tasowa wajen azahar ta yi ƙarfi da la'asar, don haka ruwan safe ba shaida ba ne a kan ruwan yamma. Hasashen manhajoji, da ake yi da manyan murabba'ai na kilomita da dama, yakan rage mata ƙarfi. A haɗa shi da sanarwar hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet a Najeriya ko takwararta ta Ghana.

Mafi muni shi ne hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wanda a Afirka ta Yamma daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Iskar gabansa tana iya tsalle daga kusan babu zuwa mita 20 a sakan cikin mintoci. Ba ta daɗewa har ta gina doguwar igiya, amma tana tayar da gajeriya mai tsini nan da nan, irin wadda ke cika kwale-kwale da ruwa. Baƙin gajimare mai faɗi a gabas, da iska mai sanyi da ta biyo bayan tsit, alama ce a sauke zane, a sa rigunan kariya, a zaunar da kowa a ƙasan jirgi.

Ƙa'idar fage tana aiki a manyan tafkuna kamar yadda take aiki a teku. Tafkin Kainji ya fi kilomita 130 tsawo. Iskar hadari mai mita 15 a sakan da ta samu fagen kilomita 15 tana iya ba da kusan santimita 90 in ta ɗore, kuma jirgin da aka loda har bakinsa ya rage taƙi ɗaya daga ruwa ba ya buƙatar rabin haka.

Idan igiya ta riga ta taso, a rage gudu a tare ta da gefen goshi, kusan digiri 30 zuwa 45, domin tarar ta kai tsaye da gudu yana sa jirgi ya tashi ya faɗo da ƙarfi. Kada a ba ta haƙarƙari: igiya mai karyewa da tsayinta ya kai faɗin jirgi tana iya mirgina shi. In daga baya take zuwa kuma tazararta ta kusa tsawon jirgin, tana ɗaga bayan ta tura goshin cikin kwari, matuƙi ya rasa iko, jirgi ya juya gefe. Maganinsa shi ne a daidaita gudu a zauna a bayan tudu ba tare da an tsallake shi ba, a mayar da nauyi baya kaɗan, a sa mutum ɗaya aikin kwarfe ruwa tun kafin ya taru.